Laka a Kan Kututture

Kafin in isa gonar Uwar Tagwaye, mutanen gari sun riga sun tattake ta kamar bakin kasuwa. Abin da ya fara ɓata min rai ke nan tun ban ga ɓarnar ba. Za a aiko a kira mai bin sawu, sannan kowa ya kwaso 'ya'yansa da surukansa su zo su yi ta zagaye a kan sawun, hannu a baya, suna salati. To ni me zan bi? Silifas ɗin dangin wani?

"Ku ja baya!" na daka musu tsawa. "Duk wanda ya ƙara ɗaga ƙafa, wallahi shi zan ce ya yi."

Suka ja, sai na ga abin da aka aikata. Ƙananan itatuwan da matar nan ta raina tun suna toho, waɗanda har sun kai tsayin mutum sun fara inuwa, an sare su kaf, tun daga bakin hanya har kwazazzabon da ke ƙarshen gonar. Kututturai kawai aka bari, kowanne kamar taƙi ɗaya. Itacen kuma an kwashe. Ita tana zaune a kan jerin duwatsun tare ruwa, ta zuba tagumi, ko hawaye babu. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da gonar nan, ba ta da wani abin dogaro bayanta.

Ga wanda bai san zancen ba, manomanmu suna da ƙungiyar masu kiyaye ƙasa. Ba sa ƙona gona, suna jera duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa, suna rainon itatuwa a tsakiyar shuka. Da can wahalar banza ce, don a kasuwa riɗin mai kiyayewa da na mai ƙonawa farashinsu ɗaya. Sai bana wata hukumar tallafi ta turo jami'a, wadda muke kira Malama, ta samo musu babban mai saye daga nesa, ta kawo buhuna masu koren tambari. Sharaɗin dai mai tsauri ne: gonar da aka sare itace a cikinta, amfaninta ba ya shiga motar mai saye a wannan shekarar, haka ma na wanda aka kama ya sare itacen wani. Motar kuwa gobe za ta zo. A jikin kowane buhu an buga hoton wata mace tana dariya a gindin itace, kuma macen nan Uwar Tagwaye ce.

"Ita ta sare ta sayar," in ji wani daga bayan taron.

"Tun da aka buga fuskarta a buhu take ji da kai," in ji wata.

Na waiwaya neman masu maganar, kowa ya kama kallon sama. Matsorata!

Shugaban ƙungiyar ya matso. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gari na kiransa Likita, ko da yake bai taɓa riƙe allura ba. Shi ya fara ɗaukar dutse a ka yana jerawa a gona lokacin da kowa ke cewa ya sami taɓin hankali, kuma duk wanda ya iya aikin nan a wurinsa ya koya.

"Doka doka ce," in ji shi. "Da bakina aka kafa ta, ba zan karya ta don kowa ba. A fitar da buhunanta daga sito."

"Baba, a ɗan saurara," in ji Malama. Ta juyo gare ni. "Idan ka tabbatar hannun wani ne, mai saye zai karɓi nata. Idan ba a gano ba kafin mota, ba ni da bakin magana."

Uwar Tagwaye ta ɗago kai ta dube ni. Ba ta roƙe ni ba, kuma wannan ya fi roƙo ciwo.

*

Na kori kowa na durƙusa. Inda ƙafar jama'a ba ta kai ba, ƙasar a share take. An ɗauki reshe mai ganye, an yi ta tafiya da baya ana gogewa, har bakin hanya mai tsakuwa. Ɓarawon akuya ba ya wannan. Wanda ya yi ya san ni, ya san ta inda nake fara dubawa.

Na koma kan kututturan. Sara mai kyau, a karkace, ɓawo bai tsage ba ko ɗaya. A saman kowanne kuma akwai laka da ta fara bushewa. Na kankare da farce, na shinshina. Ƙasar bayan jerin duwatsu ce, wadda ba ta saurin bushewa ko ruwa ya ɗauke. Wani abu ya taɓa min zuciya, na ture shi gefe, na ce ƙila jan itace ne ya fantsama ta.

Ban gama turewa ba na ji ihu daga cikin gari. An ga ɗanyen itace a rumfar Mai-itace.

*

Na tarar sun cakume masa wuyan riga, wani har ya ɗauko igiya.

"Sake shi!" na ce. "Ku da ba ku iya gano akuyarku a gidan maƙwabci ba, yau kun zama alƙalai?"

Mai-itace mutum ne siriri mai bakin tsiya, ba ya cikin ƙungiya, kuma sun daɗe suna jin haushinsa. Ya gyara rigarsa yana huci.

"A ina ka samo wannan?" na tambaye shi.

"A kwazazzabo na tsinta da safe. Na ga banza na kwasa, laifina ke nan."

"Matar nan ce ta sayar maka?"

"Wace? Matar da ko tsinke na ɗauka a bakin gonarta sai ta bi ni da zagi har gida? Haba, Mai-sawu!"

"Yaya ka same shi a kwazazzabon? A zube?"

"Ina! A jere, an gitta shi a bakin ramin, an danne da duwatsu, kamar mai shirin tare ruwa. Har na ce wane mahaukaci ne ya sare itace ya tsaya yi masa ado."

Na jawo ɗaya daga ɗanyen, na jawo ɗaya daga tsohon kayansa, na haɗa bakunansu. Nasa daga sama aka sara, duk ya daddare. Ɗanyen kuwa daga ƙasa aka ɗaga adda zuwa sama, sul, yadda 'yan ƙungiya ke yi don kada ɓawo ya yage.

"Kuma ni da zan sare," in ji shi, "zan bar taƙi guda a ƙasa? Ni har saiwa nake tonowa, kowa ya sani."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta sa ba a ƙaunarsa. Na ce ya zo gonar da yamma, ya zo da itacen. Masu igiya suka watse suna guna-guni, an hana su abin da suka ƙwallafa rai a kai.

*

Daga nan na wuce shagon Dillali. Shi ke saye riɗin garin nan a da, a farashin da ya ga dama, yana danna mudu da gwiwar hannu. Tun da koren tambari ya zo, sikelinsa ya yi ƙura. Idan akwai mai son ƙungiyar nan ta wargaje, to shi ne.

Ya ji tambayata ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙo min tafin hannunsa, laushi kamar na jariri.

"Duba nan. Rabon da in riƙe adda tun ina yaro. Kuma ka yi lissafi mana. In na kori mace ɗaya daga ƙungiya, me na samu? Da ni ne, sito zan nufa, in huce gaba ɗaya."

"Kana iya sa wani."

"Ina iya. Amma wanda zan sa ba zai tsaya share sawu ba, gudu zai yi." Ya kishingiɗa a kan buhu yana sakace. "Kai dai kana neman wanda tambari ya cuta. Ka nemi wanda hoto ya tsone wa ido."

"Kamar wa?"

"Ranar da mai ɗaukar hoto ya zo, ni ina nan zaune. Na ga wani dattijo ya wuce da sabuwar riga, ya je ya tsaya a kan duwatsunsa, rana ta yi ta dukansa. Motar mai hoton ta wuce shi ta tsaya a gonar gaba. Da ya dawo ko sallama bai yi min ba."

Ban san lokacin da na shaƙe Dillali ba. Na ɗaga hannu, na ga bai ko ƙifta ba, sai murmushi yake. Na sake shi. Mutumin banza ne, amma ba ƙarya ya yi ba, don ni ma na san rigar, ni na raka mai ita aka ɗinko ta.

*

A ƙofar sito na tarar an riga an jibge buhunan Uwar Tagwaye a rana. Wani ɗan iska ya bi ya goga wa hoton gawayi a fuska. Tana tsaye da tsumma tana gogewa ɗaya bayan ɗaya.

"Kin yi faɗa da wani?" na tambaye ta.

"Da wa zan yi? Ni ban ce a ɗauke ni hoto ba, Baba. Ina cikin aiki aka ce in ɗago in yi dariya, na yi. Tun daga ranar mata suka daina amsa gaisuwata." Ta matse tsumman. "Idan riɗin nan bai shiga mota ba, wurin Dillali zan kai, ya saya yadda ya so. Baɗi kuma ba ni da irin shukawa, sai dai in ba da gonar. Kuma a ce ni na sare? Itatuwan da na hana kaina ruwa na ba su?"

Na shiga ciki na sami Malama tana duba ɗinkin buhuna.

"Malama, wa ya zaɓi hoton nan?"

"Ofis ne. Masu saye sun fi son hoton mace, ya fi jan ido."

"Kin yi wa shugaba bayani?"

"Na ce masa wani karon." Ta saki bakin buhun. "Ban ɗauka wani abu ba ne, Baba. Hoto ne kawai."

Hoto ne kawai! Mutum ya yi rabin rayuwarsa ana kiransa mahaukaci, ranar da abin ya yi daɗi a ce masa wani karon. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da ofishinsu, ya ɓaci da Dillali. Na yi ta raba fushin nan ga kowa don kada ya isa inda ya nufa.

Na biya ta gonar Yaya. Ban daɗe ba. Na duba rassan da ya yi wa aski a bana, na ga abin da na je gani, na zauna a ƙasa har ƙafata ta yi sanyi.

Na same shi a ƙofar gida yana wasa adda.

"Ka sami sawu?" ya tambaye ni, bai ɗago ba.

"An share."

"To. Allah Ya kyauta."

"Yaya, akwai abin da kake son faɗa min kafin in tara mutane?"

"Ka yi aikinka," in ji shi. "Ni ma nawa nake yi."

Da a ce ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ban san abin da zan yi ba. Bai ɗago ba.

*

Da yamma gari ya hallara a gonar. Na tsayar da Mai-itace, da Dillali, da Uwar Tagwaye a gaba. A kan iyaka akwai wani babban itace da rassansa suka sauko suna neman aski. Na zare addata.

"An share sawun ƙafa," na ce. "Amma hannu ma yana barin nasa. Kowa zai sare reshe ɗaya in gani."

Mai-itace ya karɓa, ya rafka daga sama, reshe ya karye ya ja ɓawo ya yi tsawon hannu. Dillali ya sara sau uku, adda ta kusa cin gwiwarsa, mutane suka yi dariya. Uwar Tagwaye ta ɗaga daga ƙasa, sul, reshe ya faɗi, ta miƙo min addar.

"Kun gani!" wani ya yi ihu. "Irin saran ne sak!"

"Rufe min baki," na ce. "Kai ma zo ka sara."

Ya zo ya sara, iri ɗaya da nata. Na kira wasu 'yan ƙungiya, kowa sul daga ƙasa, ya ajiye adda ya koma. Surutu ya fara mutuwa, don kowa ya gane saran na 'yan gida ne, kuma ba nata ba ne ita kaɗai.

Sai na yi abin da har yau idan na tuna bakina ke ɗaci. Na juya ga Malama na ce ta fito da wayarta.

"Yaya," na ce, "duk waɗannan kwaikwayo suke. Zo ka nuna musu yadda ake yi tun daga tushe. Malama, ki ɗauke shi hoto, a kai ofis su ga wanda ya fara."

Na ga fuskarsa ta canza. Ya gyara hula, ya karkaɗe riga, ya fito a hankali. Ya shafa reshen kamar mai lallashin yaro, ya dubi wayar ya tabbata tana kansa, ya ɗaga adda sau ɗaya. Ko ƙara ba mu ji sosai ba. Sannan, ba tare da ya yi tunani ba, ya sunkuya bayan jerin duwatsu, ya damƙo ɗanyar ƙasa, ya ɗago zai shafa a bakin saran.

A nan hannunsa ya tsaya. Idonsa ya sauka kan kututturen da ke kusa da ƙafarsa, mai hular laka, ya wuce kan na gaba, da na gaba, har ƙarshen gonar.

"Me ya sa kuke kiransa Likita?" na tambayi taron.

Wata tsohuwa ce ta amsa, can ƙasa-ƙasa. "Don yana ɗaure wa itace ciwo."

"Ya koya muku ku shafa laka a kan sara don kada rana ta busar da shi. Kuka yi dariya, kuka ce ɓata lokaci ne, kuka sa masa suna. A garin nan kaf mutum ɗaya ne bai daina ba. Ya zo ya sare itatuwan marainiyar Allah, ya bar wa kowanne taƙi don ya sake toho, ya shafe shi da laka, ya kai itacen ya tare kwazazzabo. Ya share ƙafarsa don ya san ƙanensa. Hannunsa ne bai sani ba."

Yaya ya juyo, ƙasar na nan a hannunsa.

"Ni na ɗauki dutsen farko," in ji shi. Ba ni yake kallo ba, Malama yake kallo. "Ƙashin bayana ya goce a kan aikin nan. Yaran garin nan sun bi ni da waƙa suna jifa. Matata ta yi yaji saboda kunya. Wannan da kuka buga a buhu, ni na riƙe hannunta na nuna mata yadda ake jera dutse. Sai a zo gonata a wuce ni ina tsaye? Kullum in shiga sito in ga tana yi min dariya daga kowane lungu?"

"Sai ka zo ka faɗa min!" na ce da ƙarfi. "Sai ka je ka zage su a ofis, in raka ka! Ita me ta yi maka? Ka tsaya da safe a gaban jama'a ka ce a fitar da abincin marayu a rana, kana kallona, ka ce doka doka ce?"

Waɗanda suka yi ta zaginta da safe suka fara matsowa suna zaginsa, bakin nan dai ɗaya. Na tsaya tsakani da adda a hannu.

"Duk wanda ya taɓa shi sai ya bi ta kaina. Ku da kuka shafa mata gawayi, ku je ku mayar mata da buhunanta ciki, da kanku, yanzu."

Malama ta mayar da wayar cikin jaka. Ta ce riɗin Uwar Tagwaye zai shiga mota gobe. Ta buɗe baki za ta faɗi sauran, Yaya ya riga ta.

"Na san dokar," in ji shi. "A fitar da nawa."

Ya juya zai tafi. Mutane suka dare masa hanya. Ya yi taku kaɗan, sai Uwar Tagwaye ta yi magana, karo na farko tun da aka taru.

"Baba Likita."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Ajiye min ƙasata. Ita ma ba za ka tafi da ita ba."

Ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya buɗe yatsu, ƙasar ta zube a gindin kututture. Ya bi hanya shi kaɗai, sawunsa na fitowa ɓaro-ɓaro a bayansa, ni kuma na tafi sito in fitar da buhunan yayana, don ban yarda wani ya taɓa su ba.